Ramar da Muka Yi wa Tafi

Ranar da aka fara zaman makokin Kaka, gidanmu na Muchia bai ɗauki mutane ba. Sai da aka aro bencina daga majami'a aka jera a ƙofar gida, maƙwabta suka fito da tabarmi. Matan zumunta sun zo da ankonsu da tulunan kiɗansu, suka yi ta waƙa har muryoyi suka dushe. Can shugabarsu ta gyara murya, ta ƙi fita, ta sake gyarawa, ta ƙi. Sai ta ce, "To yau wa zai ba mu ruwan citta?" Shi ke nan waƙa ta tsaya, kuka ya ɗauka.

Hajiya maƙwabciyarmu tana gefe da carbinta, ba ta ce wa kowa komai ba sai da na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, azumin bana ban san da me zan buɗe baki ba. Tun da na tare a layin nan, ana kiran magariba kofin tsohuwa ke tsallako katanga." 'Yan acaɓan bakin layi ma sun zo, suka tsuguna a waje. Ɗaya ya ce, "Allah ya jiƙan Mama mai fasa taya." Aka yi dariya da hawaye a ido.

Sai ga wasu ɗalibai mata daga Samaru. Da kyakkyawar niyya suka zo, ban ga laifinsu ba. Ɗaya ta ce wa Goggo, ƙanwar Baba, "Anti, sannu da haƙuri. Ai saboda Mama na fara shan citta, da na ga yadda ta yi silim." Goggo ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta shige ɗaki. Yarinyar ta yi ta waige-waige tana neman abin da ta faɗa ba daidai ba.

Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutu. Ni ba marubuci ba ne, a shagon hoto-kwafi nake aiki a Samaru, ɗan abin da na sani na tsirrai a kafen intanet na tsince shi da kuma gindin murhun Kaka. Amma ba na so a tuna da ita a matsayin tsohuwar da citta ta rage wa jiki.

Ni ne jikanta namiji na fari, don haka ni ne mijinta. Kun san wasan kaka da jika. Tun ina tatata take ce mini "maigida", ni kuma "matata". In na shigo sai ta ce, "Ga ragon miji nan, ko cefanen gishiri babu." In ce, "Matar da ta cinye rumbu wa zai ƙara mata?" Ban taɓa yi mata magana ba wasa a ciki ba, ita ma haka. Da na yi, da sai ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake.

Kaka ƙatuwa ce, ba na ɓoyewa, ita ma ba ta ɓoyewa. In ta tsaya a bakin layi 'yan acaɓa sai kowa ya sunkuya yana duba sarƙar babur. In ta shiga bas ɗin Samaru, kwandasta ya ce, "Mama, a gyara," ta ce, "In gyara in kai shi ina? Jikin nan da gumina na tara shi." A wani ƙauye ta wajen Giwa aka haife ta, ubanta Bamaguje ne manomi, ita ce ta fara shiga majami'a a gidansu. A can, in ji ta, in mace ta rame dangin miji ake tuhuma. Ƙiba shaida ce cewa ana riƙe da kai da kyau.

Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Kaka ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba sassauci. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa. Sunan nasa na wani manzo ne a Littafi Mai Tsarki, to in ana waƙa a majami'a aka zo kan sunan, sai Kaka ta yi ɗan tari ta wuce. Kullum da safe Baba zai tsuguna a ƙofar ɗakinta, labule a sake, ya ce, "An tashi lafiya?" Daga ciki a ce, "Lafiya." Hirarsu ke nan. In tana da saƙo ni ne ɗan aike: "Maigida, gaya wa wancan kwanon ɗakina na yoyo." Ko da Baba na tsaye a tsakar gida yana ji, sai na juya na maimaita masa. Mama mahaifiyata kuwa suruka ce, ita ma tsakaninsu gaisuwa ce da miƙa kwano da sunkuyar da kai.

Bari in gaya muku yadda take ruwan cittar, don in ban faɗa ba cikina zai fashe. Ɗanya take so, ba busasshiya ba. Akwai wata ƙawarta 'yar Kachia a kasuwar Sabon Gari da ke ware mata masu kauri, waɗanda in ka karya za ka ga ruwa na tsattsafowa. Ba ta feraye ta da wuƙa, da bayan cokali take kankarewa, wai wuƙa ɓarauniya ce, tana tafiya da nama. Sai ta daka a ɗan turminta, ba luƙui ba, ta dai farfasa. Ga inda mutane ke kuskure: ba a tafasa citta a yi ta ɓararraka. Ruwan za ki tafasa, ki sauke, sannan ki zuba cittar da ɗan kanumfari, ki rufe ki ba shi baya. Lemun tsami sai ya huce ake matsawa, in ba haka ba ya yi ɗaci. Daga ƙarshe ta jefa mazarƙwaila. Kai! In ka kurɓa za ka ji shi yana sauka kamar an kunna maka 'yar wuta a ƙirji.

Ba ta sayarwa. 'Yan kwayar majami'a, masu waƙa, na zuwa ranar Asabar su sha don murya. Mai jego a layinmu ba ta kwana uku ba a kai mata ba. Mai mura, mai kumburin ciki, wanda ruwan sama ya daka, duk tukunya ɗaya. In ta miƙa maka kofi sai ta ce, "Sha, ya buɗe maka ciki ka ci tuwo." A wurinta aikin citta ke nan, ta sa mutum ya ci.

Rigimarmu ta farko ta gaske a kan wannan ne. Lokacin kafe ya fara yawa a Samaru, akwai ɗaya jikin shagonmu, in ba aiki sai in shige. Ran nan na ci karo da bayanin cewa ruwan citta na rage ƙiba. Ban jira an tashi ba na hau bas, na sauka Sabon Gari, na shigo gida da gudu.

"Matata! Ashe magani kike dafawa ba ki sani ba! Turawa sun ce yana rage ƙiba!"

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. "Ya rage wa?"

"Kowa! Matan jami'a nema suke ido rufe."

"Iyayensu sun turo su karatu da jikinsu, su koma gida kamar karan dawa? A ce a Zariya aka yi musu haka, kuma da tukunyata?" Ta ja tsaki. "Maigida, in ka sake kawo mini wannan zancen na sake ka."

"Mace ke sakin miji?"

"A gidan nan, e."

Ta ɓoye turmin a ƙarƙashin gado, ta yi kwanaki ba ta ba ni ko kurɓi ba. Amma Kaka ba ta iya hana mutum abin sha. Da na fara zuwa da gorunan ɗalibai, tana mita tana cikawa. "Ka gaya musu su ci abinci a kai," take cewa. Ban taɓa gaya musu ba.

Sai Kaka ta fara ramewa.

A hankali abin ya zo. Wuyan rigarta ya fara zamewa. Zanin da da ƙyar yake zagaye ta ya fara yin rara. Ga ƙishirwa, kofi ba ya barin hannunta, tukunyar da ke kai mu yamma kafin azahar ta ƙare. Ni kuwa me zan yi in ba murna ba? Ga hujja a cikin gidanmu tana tafiya da ƙafafunta! Duk wanda ya yi mini gardama a shago sai in ce, "Zo Muchia ka ga kakata." Suna zuwa kuwa. Su gaishe ta, su ƙare mata kallo, su ce, "Mama, gaskiya abin nan na aiki." Ta ce, "Haka maigida ya ce."

Ba ni kaɗai ba. Kwandasta ya ce, "Mama, ina kika baro sauranki?" 'Yan acaɓa suka fara rige-rigen ɗaukarta. Gwiwoyinta da ke damunta suka yi sauƙi, har ta koma zuwa majami'a a ƙafa, kowa ya ce alhamdu lillahi, an gode wa Ubangiji. A wani taron mata, Mama ce ta ba ni labari, aka ce Kaka ta miƙe ta juya a gan ta. Ta miƙe, ta juya. Aka yi mata tafi, har da guɗa. Mama ta ce da ta zauna sai ta ga tana share ido da bakin gyale, ta ɗauka daɗi ne.

Wata safiya ina shirin fita, tana daka citta, sai taɓarya ta suɓuce mata ta gangara. Abin da ban taɓa gani ba. Ta zauna a kan kujerar tsuguno tana haki.

"Maigida, zo."

Na zo ina taje kai.

"Ka fara neman wata matar. Wannan ta kusa ƙarewa."

"Haba! Yanzu da kika zama amarya? 'Yan Samaru ma tsoronki suke."

Ta ɗaga hannu. Awarwaron da ke wuyan hannunta tun aurenta ya zame ya gangaro har gwiwar hannu. "Dubi. Da sai da sabulu ake cire shi."

"Sai in sayo miki ƙarami, na 'yan mata."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta yi dariya, don haka wasan yake, in jika ya jefa dole kaka ta cafe. Ta ce, "Ragon miji. Tafi kar ka makara."

Wani lokacin kuma ta ce mini, "Ka ga zaƙin matarka? Har tururuwa ke bi na bayi." Na yi dariya har da riƙe ciki, na kai labarin shago aka taya ni.

Yanzu da nake juya abin a raina, na ga yadda Kaka ta faɗa tsakanin mu uku kamar tsabar gero a tsagar turmi. Yoyon kwano ana aika wa ɗan fari. Amma yaya uwa za ta aika wa ɗan farinta zancen fitsari? Mama ta lura da yawan fitarta bayi, ta lura sarai, amma da wane baki suruka za ta tambayi uwar miji wannan? Ta ga dai tana cin tuwonta har da ƙari, ta ce mai ci ba ya ciwo. Mutum ɗaya Kaka ke iya buɗe wa baki ba kunya, shi ne ni, kuma tsakanina da ita ba a maganar gaske.

Baba ya ji wani abu a jikinsa. Wata Lahadi bayan an taso, ya tsayar da ni a zaure. Ya ce, "Kai, tsohuwar nan lafiya take kuwa? Na ga kamar ta zube."

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Citta ce ke aiki. Na karanta."

Ya ce, "To." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya wuce. Washegari ya tsuguna a ƙofarta, "An tashi lafiya?" Aka ce, "Lafiya."

Goggo ce ta fasa ƙwan. Ita ce autar Kaka, tana aure a Kafanchan, ta daɗe ba ta zo ba sai Kirsimetin nan. Auta ba ta da kunyar kowa, a cinyar uwa ta girma. Ta shigo da jaka a ka tana sallama da ƙarfi, Kaka ta ɗaga labule ta fito. Jakar ta faɗo.

"Wa ya cinye mini uwa?"

Na matso da fara'ata. "Goggo, ruwan citta ne, yana rage..."

"Rufe mini baki!" Ta kama Kaka ta zaunar, ta shafa kumatunta, ta ja fatar hannunta ta ga ta tsaya ba ta koma ba. Idonta ya kai kan tsumman da ke ɗaure a ƙafar Kaka. "Wannan fa?"

"Garwashi na taka," in ji Kaka. "Ba komai."

"Yaushe?"

"Tun damina."

Goggo ta kwance tsumman. Ba zan faɗi abin da muka gani ba. Warin kaɗai ya sa Mama ta dafe bango.

Goggo ta juya kan Baba a tsakar gida, gaban kowa. "Yaya, gida ɗaya kuke kwana! Gida ɗaya! Ba ka da ido?"

Baba ya ce a hankali, "Kullum ina gaishe ta."

"Ta bayan labule! Labule kake gaisarwa!"

Daga inda take zaune Kaka ta ce, "Ke, bar wancan. Ya tambaya, an ce masa lafiya." Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, kuma na san don kar a dube ni ta ƙi dubana.

A asibiti aka ɗebi jini, ba a daɗe ba likita ya kira mu. Ciwon suga ne, ya ce, kuma ya daɗe yana cinta. Ramar, ƙishirwar, tururuwar, ciwon da ya ƙi warkewa, duk shi ne. Na tambaye shi ko citta ce ta jawo. Ya ce a'a, citta ba ta kawo shi ba, ba ta kuma rage mata ko tsoka ɗaya ba, mazarƙwailar ce ma ba ta taimaka ba. Ya ce ciwo ne da mutane ke zama da shi shekara da shekaru in an gano da wuri.

Don Allah, mai karatu, sha ruwan cittarka. Ni ma ina sha, yana ɗumama ciki, yana gyara murya, ba abin da ya kai shi da sanyin safiya. Amma in tsohonka ya fara zubewa alhali bai rage ci ba, kar ka tsaya yi masa barka. Ɗauke shi a je a auna. In kuma kai ne wanda yake wasa da kai, ka riƙa sauraron abin da ke ƙarƙashin wasan.

Ta yi 'yan makonni a gadon asibiti. Ƙafar ta riga ta yi nisa, jikin kuma ba ƙarfin da za a yi mata aiki. Can babu labule, dole Baba ya zauna kusa da ita. Wata rana da yamma ta nemi ruwa, Goggo ta fita, ni ina riƙe da ledar ƙarin ruwa da ta karkace. Baba ya ɗauki kofi, ya tallafo kanta. Ta juya ido wajen bango, amma ta sha. Ta sha sosai. Da ta gama sai ta ce, "Maigida, gaya wa wancan hannunsa na rawa, zai jiƙa mini zani."

Na juya zan maimaita masa kamar kullum. Baba ya ce, "Na ji."

Ba ta kai ƙarshen makon ba.

Bayan an share makoki, an mayar da bencina, Goggo ta koma Kafanchan, sai Baba ya kira ni. A ɗakin Kaka na same shi, zaune a bakin gadonta. Tun da nake ban taɓa ganinsa a cikin ɗakin nan ba. Na tsuguna ina jiran faɗan da na san na cancanta, har na ƙagu ya zo.

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Kai ne kake hira da ita."

"E, Baba."

"Ni na yi furfura ban san yadda hirarta take ba. Sai dai in jiyo ku daga ɗaki kuna dariya." Ya ƙara da cewa, "Ta taɓa yi maka maganata?"

Na rasa ta inda zan fara, don Kaka ba ta zancensa sai a fakaice. Can na tuna wani labari da ta ba ni muna ɓarar gyaɗa. Na ce, "Ta ce lokacin kana goye, a ƙauye, wata safiya ta ga idonka ya yi ja. Kowa ya ce ba komai, ko zazzaɓi babu. Ita ta ce ƙyanda ce ke zuwa. Kunya ta hana ta ce wa kowa za ta kai ka magani, sai ta ce za ta itace. Ta goya ka, ta taka a ƙafa har asibitin mishan, ta isa rana ta karkata. Washegari ƙyandar ta feso."

Na ci gaba da ba shi labarin.

"Ta ce, wancan nauyi gare shi kamar buhun gero, kuma duk tafiyar nan ko uhum bai ce ba. Ta ce shi ya sa nake jin tsoronsa, yaron da ba ya kuka ba ka sanin inda ke masa ciwo, sai ka yi ta kallonsa ta gefen ido."

Baba ya sa tafin hannu ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Da ƙyar na ji abin da ya ce: "Ita ta ga ciwona tun bai fito ba."

Na yunƙura in fita in ba shi wuri. Ya kamo hannuna ya mayar da ni, ba ƙasa ba, kusa da shi a bakin gadon.

"Zauna," ya ce. "Sai me kuma ta ce?"

Allah ya ba Kaka hutawa a wurinsa, ya sa ta inda ba ƙishirwa. Mu da ta bari, ya ba mu idon ganin juna tun muna tare.